Kunama Biyu da Taɓaryar Innarka

Daga Anka,
zuwa ga ɗana Murtala, a Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa lafiya, ka sami masauki mai kyau, kuma ruwan Gummi ya karɓe ka. Allah ya tsare ka a ɗaki da kan hanya da bakin fadama, ya sa aikin malamin gona da ka fara ya zama alheri gare ka da manoman da za ka yi wa hidima. Labarin gida ba zan ba ka ba, kana jinsa wajen Innarka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ina farawa sai ka shiga "to Baba, to Baba," kafin in zo kan gaɓa sabis ya ɗauke.

Na san ka riga ka kwance tabarmar da direba ya kawo maka tare da sauran kayanka, na kuma san irin fuskar da ka yi. Ka aiko a ba ka bindigata mai baki biyu, ka buɗe ka ga taɓarya. Kada ka zagi direba. Ni na naɗe ta da hannuna, Innarka ta ɗaure.

Ta ba ni labarin yadda aka yi. Ka je gaida Alhaji Sahabi mai kantin magani, mahaifin Asma'u, yarinyar da kake so mu je mu nema maka. Ya ba ka labarin farautar ƙuruciyarsa, har da kurar da ya ce ya kayar da harbi ɗaya. Kai kuma, don kada a bar ka a baya, ka ce ai gidanku gidan harbi ne, babanka yana da mai baki biyu, da ita ka tashi a hannu. Ya tambayi sunana da wuraren da na koyar, ya yi dariya har da tari, ya ce to ka kawo ta ku fita bakin fadama ya ga hannunka. Yanzu ka kasa barci, kana ganin aurenka a bakin bindigar nan yake rataye. Murtala, kai da ba ka taɓa matsawa kusa da ita ba sai ranar da muka ɗaga akwatinta don a share ɗaki!

Bari in fara da ruɗun da kusan kowa ke yi, don na ji kai ma kana yin sa. Mutane suna jin "baki biyu" sai su ɗauka ƙarfi biyu ne, wai bakunan tare suke tashi, kuma tana cin nisa kamar ta soja. Ba haka ba ne. Bututu biyu ne aka manne gefe da gefe a kan gindi ɗaya, kamar ƙofofin hanci, kowane da harsashinsa, kowane da kunamarsa, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake ja da yatsa. Kunama ta gaba ita ke tayar da bakin dama, wanda yake a buɗe, yana watsa 'ya'yan dalma da faɗi saboda tsuntsun da ya tashi kusa da kai. Kunama ta baya ta bakin hagu ce. Shi an ɗan tsuke shi daga ƙarshe, yana riƙe 'ya'yan a dunƙule su ƙara nisa kaɗan. Ka ga hikimar? Tsuntsu ya tashi, ka yi na farko ka kuskure, kafin nan ya yi gaba, sai ka bi shi da na biyu. Wato wanda ya ƙera ta ya san za ka kuskure, ya yi maka tanadi tun kafin a haife ka. Ni dai ban taɓa ganin kayan aikin da ya san halin ɗan Adam kamarta ba. Batun nisa kuwa, daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa ta gama aikinta. Abin da ya wuce nan tsoratarwa ce kawai.

Riƙe maganar kunama biyun nan, za mu dawo kanta.

Kuskurena na farko a wajen saye na yi shi. Ina sabon aure aka tura ni koyarwa Gwashi, can ƙasar Bukkuyum, lokacin daji yana daji, zabi suna tsallaka hanya a gaban kekenka. Na je Gusau wani kwas, aka haɗa ni da wani tsohon malamin daji da ya ajiye aiki yana son rabuwa da bindigarsa. Da ya zare ta daga rigarta, wallahi sai da na manta da gaisuwa. Itacen gindinta ja ne mai duhu, da layi-layi kamar sawun ruwa a kan yashi. Bututun baƙi ne mai sheƙi, irin na rawanin da ya sha shuni ya sha bugu. A ƙarfen gefenta an zana agwagi suna tashi daga cikin ciyawa, da wani kare mai dogayen kunnuwa wanda ba mu da irinsa a ƙasar nan. In ka ture ɗan hannun da ke samanta sai ta karye biyu ka sa harsashi, in ka mayar ta ce ƙyat, kamar an rufe akwatin amarya.

Tsohon ya ce, "Malam, aza ta a kafaɗa ka ji."

Na ce ba sai na aza ba. Ina can ina ƙirga gashin agwagi.

Sai da na iso gida na aza. Ashe don mai dogon hannu aka yi ta, kai kuwa ka san tsawon babanka. In gindin ya zauna a kafaɗata, yatsana da ƙyar yake gaisawa da kunama. In yatsana ya kama kunama, gindin ya sulale ya shige hammata ya harɗe da babbar riga. Innarka tana tsaye da ludayi tana kallo. Ta matso ta duba zanen, ta daɗe, sannan ta ce, "Malam, agwagin ga na jikinta, su kaɗai za ta kawo muna gidan ga."

Har yau ba ta janye maganar ba, ni ma ban sami hujjar sa ta janye ba.

Saboda haka, duk abin da za ka yi aiki da shi, aza shi a jikinka tukuna. Babur ne, garma ce, takalmin shiga laka ne, gwada ka ji ko ya zauna da kai. Ba na zagin kyau. Har gobe in na buɗe akwatin nan ina jin daɗi a raina. Amma zane ba ya harbi. Ban ce komai game da Asma'u ba fa. Innarka ta yi nata binciken ta ce yarinyar ta dace, ita kuwa ka ga tun a kan agwagi ba ta kuskure.

Na biyu nauyi ne. A Gwashi ina da aboki ɗaya, malamin asibiti, baƙo kamar ni, siriri mai tsawo, kowa Dogo yake kiransa. Na kai masa bindigar ya gani. Shi kuwa ba ya ganin abu bai auna ba, sai ya kwantar da ita a sikelin jarirai, ya duba, ya ce, "Masha Allah, Malam, lafiyayya ta. Kilo uku da 'yan kai. A dawo da ita rigakafi."

Na ce ka ji, nauyin jariri kawai, wannan ai ba komai ba ne. Abin da na manta shi ne ni jariri a wajen suna kaɗai nake ɗauka, in yi addu'a in miƙa. Ban taɓa tambayar wadda ke wuni da shi a baya ba.

Muka fita da sassafe ni da Dogo. Da farko ina riƙe da ita a gaba kamar mai fareti. Da hantsi na mayar da ita kafaɗar dama, can na koma ta hagu. Da rana ta take, jaririyar nan ta zama ɗan maraƙi. Sai na hango makiyaya suna tafe da sandunansu a gicciye a bayan wuya, hannuwa a rataye, na ce ka ga masu hankali. Na gicciya bindiga haka, na ji daɗi ƙwarai. Muka iso inda suke zaune a gindin marke, na juya dama in gaida dattijonsu, na juya hagu in gaida samarin. Kafin in gama sallama kowa ya kwanta a ƙasa, har Dogo. Ashe duk inda na juya bakin bindiga yana bin kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya.

Dattijon, fuskarsa a cikin ciyawa, ya ce, "Modibbo, mun amsa. Don Allah gaisuwar ta isa haka, kada ka sake juyowa."

Da muka wuce, makwarwa ta tashi fir a gabana, kusa ƙwarai, ko da hula zan iya jifarta. Na ɗaga bindiga, hannuwana suka ce ba da su ba. Bakin ya riƙa yawo a sama yana rubuta baƙaƙe, na ga ya yi "a" ya yi "b". Kafin ya kai "c" makwarwa ta isa garin Adabka.

Da na dawo ina kwance ina nishi, Innarka ta jingina ƙaramar taɓaryarta a kusa da ni. Ta ce, "Wanda bai iya wuni da wagga ba, mi zai kai shi ga waccan?" Na ji haushi, amma ka san ni da gwaji. Washegari na kai taɓaryar sikelin Dogo. Nauyinsu ɗaya da bindigar, kamar tare aka haife su. Daga nan kullum bayan an tashi makaranta sai in saɓa taɓarya in zaga gonaki, in tsaya, in ɗaga ta kafaɗa in auna itacen kuka, in sauke. Mutanen Gwashi suka kasu biyu. Wasu suka ce matar sabon malami ta gama da shi, har daka yake zuwa yi a ɓoye. Wasu suka ce a'a, wani sabon darasi ne gwamnati ta kawo. Ita ce taɓaryar da ke gabanka yanzu, ka duba za ka ga inda na ɗaura mata tsumma a wajen kafaɗa.

Ga abin da na koya. Bindiga marar nauyi tana da daɗin ɗauka, amma in ta tashi tana harbin mai ita kamar jaki. Mai nauyi tana da sauƙin shuri, amma kafin tsuntsu ya tashi ta riga ta cinye hannunka. Mai baki biyu tana tsakiya, shi ya sa ta dace da mai yawo a ƙafa, kuma nauyinta a tsakanin hannuwanka biyu yake zaune, tana juyawa da sauri. Amma nauyin kaya da la'asar ake tambayarsa, ba da safe ba. Ka tuna da wannan ranar da za a ce wa zai ɗauki ƙauyuka kaza ya zaga, ka ji hannunka yana son tashi sama. Sannan duk mai ɗauke da irin wannan bindiga a cikin mutane, ya karya ta ya rataya a hannu, kowa ya ga haske ta cikin bututun. Wannan shi ne babban kyawunta, ya fi agwagin: daga nesa ana gane ba ta da niyyar kowa. Kafin a sa harsashi kuma a leƙa bututun, don in laka ta toshe shi, a fuskar mai ita zai fashe.

Za ka ce to Baba, bayan duk wannan horo ai ka kawo nama. Na kawo, sau ɗaya.

Bayan girbi ne, a gefen wata gonar dawa, na hango zabo shi kaɗai, ƙato, yana kiwo hankali kwance. Na kwanta na ja ciki a cikin ƙarangiya. Ya ɗaga kai ya gan ni. Maimakon ya gudu sai ya nufo ni, yana ɗan karkata kai. Na ce a raina, ka ga gwanintar laɓe, har ya ɗauka ni kututture ne. Na yi bisimilla na ja ta gaba. Na ruga da wuƙa, na same shi da sauran rai na yanka. Na shigo gari ina riƙe da shi ta yadda kowa zai gani, har na bi ta kasuwa, wadda ba hanyar gidanmu ba ce.

Innarka tana figa sai ta tsaya. Ta ɗago ƙafarsa, ga jan zare an ɗaura da kyau. Ta ce, "Malam, zabin dajin Gwashi har ado suke yi?"

Tukunya ba ta tafasa ba muka ji sallama. Bafulatanar da ke kawo mana nono ce, ƙwarya a kai. Ta ce, "Modibbo, an ce kai ka kira zabona da bindiga. Ai da tsaba ka watsa mai da ya biyo ka har gida, ba sai ka ɓata riga ba."

Da kajin Innarka biyu aka kashe maganar, kuma in kana son ganin ɓacin ranta har yau, ka ambaci wake-waken kazar nan mai yawan ƙwai. Sa'ar da na yi ita ce na yanka shi da rai, don ka san na gida ba ya halatta da harbi. Muka zauna ci, na kai loma ta farko, na ji ƙaras. Ƙwayar dalma ce. Giɓin nan na turmin haƙorina da kuke tambaya kuna yara, zabon ne ya rama.

A lokacin dariya muka yi. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Yargalma da wasu ƙauyukanmu, na daina dariyar wannan ɓangaren. Mu mutanen ƙasar nan ba ma bukatar a yi mana lacca a kan dalma. In an ba ka naman harbi, a tsince ƙwayoyin tas, a yanke inda suka bi a zubar, kuma kada a ba yara ko mai ciki. Sannan kada ka taɓa auna abin da ba ka tabbatar da shi ba, da abin da ke bayansa. Ni zabo na samu. Fadamar Gummi cike take da mutane a sunkuye cikin shinkafa, ba ka ganinsu sai sun miƙe.

Yanzu mu dawo kan kunama.

Ka san halina, in na san abu sai na koyar da shi. Na zaunar da Dogo a barandar asibiti, na zana masa bindiga a ƙasa da tsinke, na yi masa darasin da na yi maka a sama: ta gaba ta kusa, ta baya ta nesa. Na sa ya maimaita har ya haddace. Washegari da hantsi muka tafi wani tafki da kirinjijiya, agwagin daji, ke sauka. Muka same su sun cika ruwa. Na ce yau zan kai wa Innarka agwagin da ba na zane ba. Na durƙusa a bayan wani ruɓaɓɓen gungume, na ture ɓawonsa don in sami wurin jingina gwiwa, na aza bindiga. Dogo yana tsugune a bayana.

Can ya yi raɗa, "Malam, kunama."

Na ce, "Na sani. Jira nake su matso."

Ya ce, "Malam, kunama fa!"

Ban ɗauke ido daga ruwa ba na ce, "Wacce?"

Ya ce, "Ta baya! Ga ta nan baya!"

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ka ga ɗalibi, ya lura tsuntsayen suna da nisa, ya san ta baya ce ta dace. Na zame yatsa na mayar kan ta baya.

Sai ya ɗaga murya, "Kai, Malam, biyu na! Su biyu!"

Na yi ɗan mamaki, don ba haka na koya masa ba. Amma na ga tsuntsayen da yawa, na ce wataƙila yana da hujja. Na sa yatsa biyu na ja duka.

Murtala, ban san ƙarar da aka yi ba, don kunnena ya riga ya tafi. Gindin bindiga, wanda dama bai zauna a kafaɗa ba, ya ɗauke ni ya mayar baya, na zauna daɓas. A kansu na zauna. Kunamu biyu ne na gaske, baƙaƙe, waɗanda na tayar daga ɓawon gungumen, suna bayana tun ɗazu suna shawara. Ranar an yi harbi biyar a bakin tafkin nan. Ni na yi biyu ban sami komai ba. Bindiga ta yi ɗaya ta same ni. Su ma suka yi ɗaya-ɗaya, duk suka samu.

Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya, ko gashi bai faɗo ba. Na waiwaya in nemi malamin asibiti, ba shi. Ƙarar ta firgita shi ya zabura, kuma maimakon ya yi tudu sai ya yi ruwa. Na hango shi tsaye a tafki har ƙugu yana salati, takalminsa ɗaya ya tafi ke nan har abada. A tsaye na tuƙo keke zuwa gari. A tsaye na koyar da darasi na wani lokaci, yara suna cewa sabon malami akwai ƙwazo, ko kujera ba ya nema. Dogo ne ya yi mini magani, kuma ya gan ni ta ɓangaren da ba a so aboki ya gani. Yana sa magani yana tambaya, "Malam, wacce ta fi zafi, ta gaba ko ta baya?"

Darasin bindiga a nan gajere ne: yatsa ɗaya, kunama ɗaya, kuma ka duba inda za ka zauna. Darasin aikinka ya fi tsawo. Dogo gaskiya ya faɗa mini, da Hausa, a kunnena. Ni ne na ji abin da ke cikin kaina. Za ka zauna da manoma, kanka cike da abin da ka karanta. Wani zai ce maka "ƙasar ga ta gaji," ko "ruwa ya yi wuta," kai kuma ka jawo babin da ka haddace. Kafin ka ja komai, waiwaya ka ga abin da yake nuna maka.

To, Dogo laƙabi ne. Sunansa Sahabi. Da aka yi mana canjin wurin aiki ya koma garinsu, lokacin babu waya, zumunci ya yi sanyi. Da Innarka ta ce mahaifin yarinyar dogo ne, yana da kantin magani a Gummi, ya kuma kashe kura a dajin Gwashi, sai na ajiye cokali. Murtala, kurar Gwashi tsufa ne ya kashe ta. A iya sanina, Alhaji Sahabi bai taɓa huda wani mai rai ba sai da allura.

Yanzu ka gane dariyar da ya yi har da tari. Ya san gidan harbin da ka fito, shi ya yi jinyarsa. Ba hannunka yake son gani ba, yana jira ne ya ga iya inda za ka kai maganar. Bindiga an yarda ta zama mai baki biyu, haka aka ƙera ta. Suruki mai baki biyu kuwa babu uban da ke so, ko da shi kansa uban yana da kura a aljihu. Shi ya tsufa, labarinsa ya zama na shan shayi. Kai ne mai neman a ba ka amanar 'yar mutane.

Ko da babu wannan ma, ba zan aiko maka da ita ba, kuma a nan ba wasa nake yi ba. Lasinta da sunana yake. Tun da daji ya lalace ban sake sa mata harsashi ba, mai kawai nake shafa mata in mayar in kulle. Ka san hanyar da ka bi daga Anka zuwa Gummi, ka san yadda take a shekarun nan. Saurayi da doguwar aba a kafaɗa, babu wanda zai tsaya duba zanen agwagi, daga kowane ɓangare. Na tsaya a jana'izar yaran da na koyar fiye da yadda zuciyata za ta ɗauka. In har sai da bindiga za a ba ka Asma'u, gara ka dawo mini gwauro da ƙafafunka. Amma ba za a kai nan ba, na san mutumina.

Ga abin da nake so ka gwada da kanka, kada ka yarda da maganata kawai. Ranar da ba ka da aiki, saɓa taɓaryar nan da hantsi ka zaga fadama a ƙafa. Kada ka ajiye, kada ka ba kowa. In an kira azahar, tsaya, ɗaga ta kafaɗa ka auna wata giginya, ka ga ko bakinta zai tsaya ko zai fara rubutu. In mutanen Gummi sun tambaye ka, ka ce sabon darasi ne daga ma'aikatar gona.

Daga nan ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka tafi kantin Alhaji. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, maganar da na yi rannan baki ne ya zarce. Ban taɓa harba bindiga ba." Ka faɗa da baki ɗaya, kada ka yi mata ado. Daga nan sai ka ce, "Babana yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka: wacce?"

In ya kwashe da dariya, kira ni, mu fara neman goro. In kuma ya murtuke ya soma maganar kura, ka ce na ce ko an ga takalmin.

Allah ya tsare mini kai, ya kare ka daga sharrin hanya da na daji da na bakinka. Ya sa ka gama da kowa lafiya, ya haɗa ka da alherin Gummi, ya nuna mana ranar da za mu zo mu zauna da Dogo a tabarma ɗaya, ni dai a hankali zan zauna. Ka riƙe salla a kan lokaci, kada ka yi tafiyar yamma. Ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Malam Umaru.

Innarka tana tsaye a kaina, ta ce in ƙara wannan: taɓaryar aro ce. Ko ka dawo mata da abarta, ko ka kawo wadda za ta karɓe ta a hannunta.